Tashar New Street ta Birmingham: sama ta yi kyau, ƙasa na nan yadda take

An kashe kusan fam miliyan 750 wajen sabunta babbar tashar jirgin ƙasa ta Birmingham a Ingila da kasuwar da ke kanta, wato Grand Central. Ma'aikatar sufuri, da Network Rail mai kula da layukan dogo na ƙasar, da majalisar birnin suna cikin waɗanda suka zuba kuɗin. An fara aiki a 2010, aka buɗe rabin farko a Afrilun 2013, aka kammala a Satumbar 2015, jirage kuma ba su daina zirga-zirga ba duk tsawon lokacin. Wannan abin a yaba ne.

Tsohon ginin shekarun 1960 duhu ne da ƙunci. Yanzu an huda tsakiyarsa, aka yi masa rufin roba mai shigar da hasken rana har zauren jira. An ƙara lif da matakala mai tafiya da kanta, an buɗe ƙofofi ta ɓangaren kudu da a da tashar ta juya wa baya, sannan tun 2016 taragon cikin gari yana tsayawa a bakin ƙofa.

Amma da ka sauka wajen hawa jirgi, sai murna ta koma ciki. Dandamali 12 ne a da, su ne har yau, duk a ƙarƙashin kankare. Jiragen da ke shiga da fita suna cunkushewa a ƙananan ramukan da ke gabas da yamma, don haka jirgi ɗaya ya makara, sai na bayansa su yi layi. Jirage masu amfani da dizal, irin na kamfanin CrossCountry, suna tsayawa injinsu na ruri, hayaƙi na taruwa a wurin da rufinsa ke kusa da kai. Kuɗin gyara bai taɓa layin dogo yadda zai ƙara yawan jirage ba.

Mai canza jirgi ya kula sosai. Kowane dandamali ya kasu kashi A da kashi B. Idan ka hau ta ɓangaren A, kana iya tarar da kanka a zauren da bai haɗa duka dandamalin ba, dole ka fita ta ƙofar duba tikiti ka sake shiga ta wata. Ka bi ta ɓangaren B, nan ne zaure ɗaya ya haɗa su duka.

Ta fuskar kasuwa, majalisar birni ta sayar da Grand Central ga kamfanin Hammerson a 2016 kan fam miliyan 335, abin da ya dawo mata da wani kaso na jarinta. Sai dai babban kantin John Lewis, wanda aka dogara da shi wajen jawo masu saye, ya rufe a 2020, shekara biyar kacal da buɗewa. Mai shiga gari zai ji daɗin tashar nan. Mai minti shida a hannu don kama jirgi na gaba zai sha gudu.