Saƙo daga Makka: faifai a gida, fayil a nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce tunda an ɗora maka sakataren ƙungiyar unguwa, in ba ka labarin yadda ake taimakon marasa lafiya a nan. To ga abin da idona ya gani a unguwar Hindawiyya.

Faifan nan da muke zagayawa da shi bayan sallar Juma'a, a nan laifi ne. Ba a tara kuɗi a masallaci, ba a yaɗa lambar asusu a WhatsApp sai da izini. Mai son sadaka ya shiga manhajar Ihsan da aka buɗe a 2021, ko ya ba ƙungiya mai lasisi. Jam'iyya suke ce wa ƙungiyar. Ranar da na fara ji, na ɗauka siyasa ake.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Bakatsiniya, ƙodarta ta daina aiki, wankin ƙoda sau uku a mako. Ɗanta direba ne, inshorar lafiyar da kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya yi masa ba ta haɗa da uwa ba. Ni na raka shi cibiyar unguwa, wadda suke kira markazul hayyi. Ko kallon hawayensa ma'aikacin cibiyar bai yi ba, sai neman takardu: igama (katin izinin zama), rahoton likita, takardar haya, shaidar albashi. Bayan 'yan kwanaki wata ma'aikaciya ta zo gidan, ta zauna a kan darduma, ta tambayi mutum nawa ke kwana a ɗakin, har firij ta leƙa. Wallahi raina ya ɓaci, na ce wannan ai tonon asiri ne.

Amma fayil ɗin nan guda shi ya yi yawon da mu za mu yi da ƙafa. Ƙungiyar lafiya ta ɗauki nauyin wankin, kuɗin ya tafi kai tsaye wurin masu wankin, ko riyal ɗaya bai bi ta hannun ɗan ba. Wata ƙungiyar ke kawo kwalin shinkafa da mai da sukari duk wata. Keken marasa lafiya kuwa aro aka ba su, ya sa hannu zai mayar. Daren da numfashinta ya sarƙe, 997 muka kira, motar asibiti ta Hilal Ahmar, wato Red Crescent, ta zo, ba a karɓi komai ba. Na tuna daren da muka yi ta neman a-daidaita-sahu don Inna.

Mu a gida ba tausayi muka rasa ba. A yi cigiya a rediyo, kuɗi su taru, wata ɗaya sun ƙare, ciwon yana nan daram. Da azumi gida ɗaya ya karɓi shinkafa sau uku, daga 'yan agaji, daga Alhaji, daga ɗan siyasa, bazawarar da ke lungun baya ko ƙwaya, don kunya ta hana ta fitowa kuma babu inda aka rubuta sunanta.

Sai dai kada ka ɗauka aljanna ce. Duk wannan ƙofa igama ce mabuɗinta. Mutanenmu da suka zo umara suka zauna, da waɗanda aka haifa a nan ba takarda, ko kusa da ofis ba sa zuwa. Kemis suke tsayawa, ko matanmu su yi karo-karo a gidan biki cikin raɗa, irin dai na gida. A Jidda ma rusau ɗin da aka fara ƙarshen 2021 ya tashi unguwannin Gulail da Karantina da Sabil, maƙwabtan da ke riƙe da juna suka watse. A wannan gaɓar faifanmu ya fi, shi ba ya tambayar kati.

Don haka Yaya, ku bar faifanku, ku ƙara masa littafi. Ku zauna da mai unguwa da liman da 'yan agaji, kowane gida da shafinsa, a rubuta wa ya kawo me, yaushe. Mata biyu masu riƙon amana su riƙa shiga gidajen. Kuɗin magani a biya kemis, kada a damƙa a hannu. Zan ba da riyal 300 ta hannun masu dawowa daga umara, a fara da keke ɗaya na aro.

A gaida Inna da yaran. Ka ce mata zamzam ɗinta na tafe.