Makita RT0700C ga mai haɗa jitar lantarki a Legas

Kafintan da ya saba da ƙofa da kabad, idan aka ce ya zaɓi rauta, wato injin sassaƙa rami da gyaran gefen katako, hannunsa kan babba yake zuwa, mai wat 2,000 ko fiye. Aikin jita ba haka yake ba. Ramin da wuya ke zama a jikin jita samfurin Stratocaster zurfinsa milimita 16 ne, faɗinsa kusan 56, kuma kuskuren rabin milimita ya isa ya sa wuyan ya riƙa motsi. Ana buƙatar injin da hannu zai juya shi yadda yake so, ido kuma na ganin bakin bit, wato ƙarfen yankan da ake ɗaura masa. Shi ya sa na fi ba da shawarar Makita RT0700C.

Wat 710 ne, gudunsa daga juyi 10,000 zuwa 30,000 a minti, ana rage shi ana ƙarawa. Yana tashi a hankali ba tare da fizga ba, abin da mai aiki da ƙaramin janareta zai yaba. Amma ka sayi saitin da ke da gindi mai sifirin, wanda ake dannawa bit ya nutse. Gindin da aka fi sayar da shi da shi ƙarami ne, da ka zo bakin ramin fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) sai ya karkata ya ci gefen katako. In shi kaɗai ka samu, ɗaura masa faffaɗan falanki a ƙasa, ka kuma matse makullinsa sosai, don in ya yi sako-sako injin na zamewa ƙasa ana cikin yanka.

Wurin da aka fi yin asara shi ne kolet, zoben da ke riƙe ƙafar bit. Wanda aka yi wa kasuwar Turai yakan zo da na milimita 6 da 8, bit ɗin aikin jita da ake kawowa daga Amurka kuwa kwatan inci ne, wato 6.35. Ido ba ya raba su. Ka sa bit mai 6 a kolet na kwatan inci, zai yi kamar ya kamu, sai yana cikin gudu ya sulluɓo ya zurfafa ramin, wani lokaci har ya ɓulla ta bayan jita. Ka tafi kasuwa da bit ɗinka a aljihu, ko Alaba za ka ko Trade Fair, ka gwada a gaban mai kaya. Ka duba lambar jikin injin kuma: RT0701C na Amurka ne, wutar 120V yake sha, tamu 230V ce, in babu transfoma, zai ƙone nan take. Jabu ma sun yi yawa. A kunna maka. Na ƙwarai ba ya karkarwa a hannu.

Rauninsa na gaske a yankan kewayen jiki yake. Kaurin jikin jita milimita 44 ne, rautan kuma ba ya ɗaukar bit mai ƙafar rabin inci, don haka sai an bi shi hawa-hawa. Fara rage katakon da zarton lantarki, ka bar milimita 2 a wajen layi. Manna fatan, wato samfurin siffar jitar, na falankin MDF mai kaurin milimita 12, ka bi shi da bit mai boris a sama, kana cin milimita 3 zuwa 4 a kowane zagaye. Idan bit ya kai iyakarsa, cire fatan, boris ya bi inda aka riga aka yanka, sannan ka kifa jikin ka ƙarasa da mai boris a ƙasa. A ƙahonnin jita, inda jijiyar katako ke juyawa, nan yake tsaga. Ka ci kaɗan-kaɗan da bit mai kaifi. Ramuka kuwa a fara kwashe cikinsu da Forstner, bit mai huda faffaɗan rami, a injin huda, rauta ya gyara gefe kawai.

A kan katakon afara da madaci yana tafiya lafiya. Afarar nan da ake rainawa, ita ce katakon da ake kira korina, wanda kamfanin Gibson ya yi jitar Flying V da shi a 1958. Iroko na dakushe bit da wuri, ƙurarsa kuma na damun ƙirji, sai da takunkumi. Wanda zai riƙa fitar da jita da yawa a wata, ya ƙara babban rauta mai rabin inci ya ɗaura shi ƙarƙashin tebur don yankan kewaye, wannan ƙaramin ya bar masa ramin wuya, na fikof da hanyar sandar ƙarfen cikin wuya.