Shagon da ya dawo mana da muryar Yaya

Jama'a in kuna da tsofaffin kaset a gida kar ku zubar, akwai wani ɗan shago a Sabon Gari wajen France Road da ke juye su cikin filash. Na marigayi yayanmu na kai, Allah ya jiƙansa, shi ke kaɗa fiyano a coci ran Lahadi, daren Asabar kuma DJ ne a kulob, mutane su yi ta surutu shi ko a jikinsa, har bangon kaset ɗin da hannunsa yake zanawa.

Mai shagon dattijo ne mai haƙuri wallahi. Ɗaya zarenta ya tsinke, ya kwance ta ya liƙe, ya goge kan rediyon da auduga da sifirit kafin ya kunna. Ya ce min, ɗana kaset mai minti 90 sai ta ci minti 90 ɗinta, ba a mata gaggawa. Matsalar kawai wuta, sati biyu ina zarya. Amma da Mama ta ji Yaya yana gyara wa 'yan kwayar coci baiti yana dariya, ta manna wayar a kunne ta ƙi saki har dare.