Kati a bakin kasuwa ko eriya a rufin gidaje: wanne ya fi ga mai fara sana'ar waifai a Gadarif?

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce yayanka da ke Jidda ya turo maka ɗan jari, kana so ka shiga sayar da intanet a Gadarif da ke gabashin Sudan, amma ka rasa wanda za ka kama: ka kafa waifai kusa da kasuwa kana sayar da kati na awa da na yini, ko ka kafa dogon ƙarfe a unguwa kana raba wa gidaje suna biya duk wata. Na yi duka biyun a nan Kasala, kuma shawarata ita ce ka fara da kati. Ga dalilina.

Abu na farko da za ka duba shi ne inda kuɗinka zai kwana. A sana'ar kati, kayanka gaba ɗaya suna wuri guda: rauta ɗaya ta MikroTik da ke buga katunan tana ƙidaya wa kowa lokacinsa, eriyar waje biyu ko uku, sola, batir. Idan an ce a tashi, cikin rabin awa ka kwance su ka zuba a buhu. Sana'ar gidaje kuwa jarinka a warwatse yake. Kowane gida sai ka ɗora masa eriyar karɓa, irin LiteBeam ta Ubiquiti ko CPE510 ta TP-Link, da kebul, da ƙaramar rauta a cikin ɗaki. Gida talatin, eriya talatin a kan rufin mutane. Ni na ɗanɗana wannan. Wata shida aka yi gidaje huɗu da na sa wa eriya da kuɗina suna kulle, masu su sun yi tafiya, ba biya, kuma ba ni da ikon haura katangar mutum in sauke kayana. Wanda ya ga yadda mutanen birnin Wad Madani suka bar gidajensu saboda yaƙi a Disambar 2023 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ta fuskar nisa, gidaje sun fi. Eriyar 5 GHz da ke kallon 'yar'uwarta ba abin da ya tare tsakani tana kai kilomita da dama. Sharaɗin shi ne su ga juna. Bishiyar darbejiya guda mai ganye sosai ta isa ta ɓata maka haɗi, kuma wadda ta kakkaɓe a rani za ta cika da damina. Shi kuwa waifai na kati, wayar mutum ce ke yanke nisan. Komai ƙarfin eriyarka, wayar ba ta iya mayar da amsa daga nesa, shi ya sa za ka ga mutum da sandunan sigina uku a wayarsa amma saƙo ya ƙi tafiya. Ka ɗauka mita ɗari ne a fili, ƙasa da haka idan akwai rumfunan kwano. Kada mai shago ya sayar maka da eriya ɗaya ya ce za ta rufe kasuwa. Gara ƙanana uku a rarrabe, kowace da mutum talatin zuwa arba'in, kuma a 2.4 GHz ka ajiye su a tasha ta 1 da ta 6 da ta 11, don su ukun ba sa taka juna.

To ga inda magana take, wato kuɗi. Kayan nan duk da dala ake sayensu, kai kuma jine, kuɗin Sudan, kake karɓa, jine kuwa kullum ƙasa yake yi. Mai kati yana karɓar kuɗinsa kafin ya ba da komai, yau ya sayar yau ya lissafa, idan dala ta motsa ran Asabar ya gyara farashi ran Lahadi, ba wanda zai yi fushi domin jiya ma da hannunsa ya saya. Mai gidaje ya yanka farashin wata tun ranar ɗaya ga wata. Kafin ranar talatin kuɗin ya rame a hannunsa, idan kuma ya ce zai ƙara sai ya bi gida-gida yana ba da haƙuri.

Sannan akwai bashi, wanda a wurinmu ya fi faɗuwar jine ciwo. Unguwar da za ka kafa ƙarfen nan ta danginka ce. Gidan Baffa ne, gidan Inna ne, gidan malamin da ya koya maka Fatiha ne. Wata ya ƙare, ka je, Baffa ya ce, "Ɗana, a yi haƙuri sai an sayar da riɗi." Me za ka ce? Za ka yanke wa gidan Baffa waya? Ba za ka iya ba, kuma ban ce ka iya ba. Amma wanda kake sayen intanet a wurinsa bai san Baffa ba, ranar biya idan ba ka biya ba ya rufe, sai gida talatin su kwana ba shabaka, wato ba intanet, saboda gida biyar. Kati ya ɗauke maka wannan nauyi. Rauta ce ke yankewa idan lokaci ya cika, ba kai ba, ba wanda ya ji kunyar wani. Idan kana so ka kyautata wa dattijo sai ka zaro katin mako ka miƙa masa da hannu biyu, kyauta ce, ka san ka yi, shi ma ya sani.

Ka dubi kuma su wa ke bukatar abin. Tun da aka fara yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan Fabrairun 2024 da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutane suka gane intanet abinci ne, domin ba shabaka ba Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, ba Bankak ba cefane. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa rumfata duk farkon wata. Katin awa ɗaya take saya, ta miƙa wa yaron shago wayar ya shigar mata da lambar, ta zauna a kan benci ta riƙe wayar da hannu biyu tana jiran ɗanta na Riyad ya turo. Da saƙon ya shigo sai ta ce alhamdu lillahi, ta yi masa murya ɗaya a WhatsApp, ta ɗaure wayar a bakin mayafi ta nufi wurin masu dawa. Irin wannan ba za ta taɓa biyan kuɗin wata ba, kuma irinta sun fi yawa. A Gadarif ka ƙara da 'yan gudun hijira, da direbobin manyan motoci, da leburorin da ke cika gari lokacin yankan riɗi da dawa.

Ban ce kati ba shi da aibi ba. Kasuwarsa tana hawa tana sauka, ranar da layukan waya suka yi kyau ciniki ya ragu, da dare kuma kayanka na cin batir ba kowa. Sana'a ce ta zama, dole kai ko yaro amintacce. Maƙwabcinka da ya ga layi a ƙofarka zai iya buɗe irinta cikin mako. Ga samari masu wayo: ɗaya ya sayi kati ya buɗe wa abokai biyar daga wayarsa. Maganinsa a MikroTik yake, ka ɗaure kowane kati ga waya ɗaya, ka sa saitin da ake kira TTL ya zama 1 don kada a sake rabawa, ka kuma ƙayyade wa kowa mega 2. Wannan ya ishi kiran bidiyo da YouTube daidai gwargwado, kuma layin mega 100 zai ɗauki mutum 50 a lokaci guda. Abu ɗaya da zai dame ka: wayoyin zamani, daga Android 10 zuwa sama, suna iya sauya lambar shaidarsu, sai mutum ya dawo ya ce katinsa ya ƙi. Ba ƙarya yake ba, ka koya wa yaronka yadda ake kashe wannan a waya.

Gidaje kuma idan suka zauna, sun zauna. Wanda ka yi wa aiki mai kyau ba ya sauke eriyarka don wani ya rage masa 'yan kuɗi. Sai dai ka zama nasu dare da rana, ƙarfe 11 na dare za a kira ka. Dogon ƙarfe kuma abokin tsawa ne, ga daminar Gadarif ka san ta. Ka binne sandar tagulla ka haɗa ƙarfen da ita tun ranar farko. Ni ban koyi wannan ba sai da aradu ta ƙona mini eriya biyu da rauta a dare ɗaya. Bayan kowace guguwar habub ka hau ka duba saiti, ka goge sola.

Talla ma ba iri ɗaya ba ce. A kati, sunan shabakar shi ne allonka: ka rubuta inda ake sayar da kati a cikin sunan, duk wanda ya buɗe waifai ya gani. Ka ba masu shayi da masu cajin waya katuna su sayar da ladarsu, ka bar minti 10 kyauta ga sabon shiga. A gidaje baki ne ke talla, kuma bakin mata ya fi tafiya. Gida ɗaya da yaransa suka yi karatu ba yankewa zai kawo maka uku a layinsu.

Wurin samo intanet ɗin, duka biyun matsalarsu ɗaya. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, yana da ƙarfi, amma ba ta ƙofar hukuma ya shigo ƙasar nan ba, ana biyansa da kuɗin waje, kuma babban faifan yana cin wat 75 zuwa 100, kusan kilowat-awa 2 a yini, sai ka auna solarka da wannan. Layin kamfani ya fi kwanciyar hankali inda yake aiki. Ko wanne ka ɗauka, sake sayar da intanet yana ƙarƙashin hukumar kula da sadarwa da gidan waya, ka nemi izini. Kuma a wannan lokaci kada ka ɗaga ƙarfe mai eriya sama da rufi ba tare da ƙaramar hukuma da jami'an tsaron yankin sun sani ba. Wannan ma ya fi sauƙi ga mai kati, don kayansa ba sa wuce tsayin rumfa.

Ka yi wata shida a kati. A cikin masu saye za ka ga waɗanda kullum katin mako suke ɗauka, su ne za su fara cewa ka kai musu gida. Sai ka karɓa da sharaɗi biyu: eriyar da kuɗinsu za su saya ta zama tasu, kuma biya a farkon wata. Kafin nan ka hau rufin shagon da kake tunani, ka ɗauko mini hoto ta gabas da yamma da kudu da arewa, in gaya maka inda eriya za ta zauna.