Zagayen tarihin Maraɗi na jika biyar: ja-goran ya biya, motar ta ci amana

Daga Damagaram na je taron masu shagunan littattafai a Maraɗi, na kwana uku. Kwana biyun farko kukan sana'a ne kawai: tsadar takarda, bashin da makarantu ke riƙe mana, kuɗin dakon kaya daga Kano. Rana ta uku aka ce mai son zaga gari ya ba da jika biyar, a ba shi mota da ja-gora da abincin rana. Na biya ina gunaguni, don a tunanina Maraɗi kasuwa ce da alhazai, me za a nuna mini?

Motar ƙarfe takwas sai goma saura ta iso, ga kujera ɗaya a karye. Wannan lattin ya ci mana abu mai daraja, zan zo kansa.

Ja-goran kuwa, wani dattijo tsohon malamin lakwal, shi ya halatta musu kuɗin. Bai fara da fada ba. Bakin Gulbin Maraɗi ya kai mu, ya nuna fadama da sandarsa ya ce a nan ƙasa garin yake da can, sai ambaliyar 1945 ta sa aka tashe shi zuwa kan tudu. Shi ya sa titunan suke miƙe kamar an ja su da zare, alhali sunayen unguwanni tsofaffi ne: Bagalam, Limanci, Maradawa. Na sha wucewa ta waɗannan unguwanni da katan ɗin littattafai a bayan kabu-kabu, ban taɓa tambaya ba.

A ƙofar fada wani abokin sana'armu da ya zo daga Nijeriya ya ji dogari ya ce "Sarkin Katsina", ya yi turus. Ya ce, "Baba, Katsina kuma a nan?" Dattijon ya yi murmushi, da alama ya saba da tambayar. Ya ce bayan masu jihadi sun karɓe Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi, kuma ba su taɓa ajiye sunan ba. Sarautun ma da su aka zo: Ƙaura, Galadima, Ƴanɗaka, Durɓi. Daga nan ya shiga labarin Ɗan Baskore, ɗaya daga sarakunan Maraɗi na da, da hare-harensa, da mayaƙi Ƙaura Hasau, yana yi yana ɗaga murya kamar maroƙi, har masu sayar da goro a gefe suka matso. Wajen shekaru kam yana taka-tsantsan. In magana ta bakin kaka ce sai ya ce ta bakin kaka ce. Wannan ya ƙara masa ƙima a idona.

Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, a gurguje muka leƙa, ko minti arba'in ba mu yi ba. Madarunfa kuwa, da tafkinta da kaburburan waliyyan da ke kewaye da shi, an soke ta gaba ɗaya saboda lattin safe, kuma babu wanda ya yi zancen mayar da ko dala. Abincin shinkafa ce da ta huce. Furar da na saya da kuɗina a hanya ta fi ta.

Babban abin da ya ci mini rai: an kwaso masu sayar da littattafai mota guda, amma ba a tsaya da mu a shagon littafi ko ɗaya ba, ba wurin masu littattafan addini da ajami na babbar kasuwa, ba ɗakin karatun Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Ni ma ban tsira ba. Shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, kantocina cike da littattafan lakwal na Faransanci da na soyayya daga Kano, babu ko ƙasida ɗaya ta Hausa a kan abin da dattijon nan ya zuba mana. Na tambaye shi ko ya rubuta. Ya ce yana da kaye uku a akwati, asu ya fara taɓa ɗaya.

In za ka biya, ka tabbatar wannan dattijon ne, kuma ka nemi a fara da Madarunfa tun da sanyin safiya. Ni dai na karɓi lambarsa, mun yi da shi zan dawo bayan girbi mu buɗe akwatin.