Yaya Malam, ga labarin makarantun Ingila da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya Malam, ina gajiya, ya zafin Sakkwato, ya su Inna. Ka ce in ba ka labarin makarantar yara nan Birmingham tunda kai ne cikin harkar alli, to ga shi.

Gini dai kada ka ɗauka wani abin kirki ne, tsohon jan bulo ne, wallahi akwai firamare a Mabera da ta fi ta kyan fenti. Su dai daga jikin yaro suke farawa. Tun 2014 duk ɗan ajin share fage da aji 1 da aji 2 a makarantar gwamnati abincin rana kyauta yake ci, ba a tambayar ɗan wa ne, tasu makarantar har naman halal suke dafawa don unguwar musulmi sun yi yawa. Kuma doka ce, ƙananan ajin nan malami ɗaya bai wuce yara 30, ka tuna naku da yaro ke zama bakin taga don tabarma ta cika.

Abin da ya fi tsaya mini a rai maganar auta ce. Karatu ya ƙi shiga, ni har na fara faɗa a gida, sai malamarsu ta kira ni ta ce ta lura in ya kalli allo sai ya ƙanƙance ido, mu je a duba. Ashe gani ne bai yi sosai! Gwajin ido kyauta ne ga duk yaron da bai kai 16 ba, har takardar rangwamen tabarau munka samu, yanzu shi ke karanta mini wasiƙun kansul, wato ƙaramar hukumarmu. To Yaya don Allah yara nawa anka kira daƙiƙai a gida, anka zane su da dorina har sunka gudu kasuwa dako, alhali allon ne kawai ba su hange? Nan dukan yara ma an hana shi a makarantun gwamnati tun shekarun 1980, kuma kowace makaranta akwai malami guda da aikinshi kula da yara masu lalura.

Amma fa ba duka ne daɗi ba. Ka ɗauke yaro ku zo gida biki ba izini, tarar fam 80 ce kan kowane yaro, uba daban uwa daban, shi ya sa ba ku gan mu auren bara ba. Islamiyya kuma kuɗi ce tsagwaronta, ga Hausar tasu tana ta zubewa, gaisuwa ma sai na tsare su.

Mu ba doka ce ba mu da ita ba, tun 2004 dokar UBE ta ilimin bai-ɗaya ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole, a 2015 gwamnatin Tambuwal har dokar ta-ɓaci ta sa kan ilimi. Sai dai lissafinmu kullum ajujuwa nawa anka gina, katanga nawa anka zagaye, don nan kwangila take, ba mai tambayar ko akwai randar ruwa cikin zafin Afrilu ko ban-ɗakin da 'yan mata za su shiga.

Ka gwada mini wani abu ranar Litinin, ka rubuta baƙaƙe ƙanana a allo, ka sa su karanta ɗaya-ɗaya daga bayan aji, waɗanda sunka kasa ka rubuta sunansu ka turo min yawansu, zan yi magana da 'yan ƙungiyarmu nan kan kuɗin gwaji da tabarau. A gaida Inna ƙwarai, ka ce mata saƙon man zafinta na hanya.