Tukunyar suya da iska a lokacin baƙi: inda ta fitar da ni da inda ta gaza

Duk wadda ta saba karɓar baƙi a lokacin bukukuwa ta san cewa babban abinci ba shi ne wahalar ba, don ana gama shi tun da wuri a rufe. Abin da ke cinye mutum shi ne ƙananan kayan taɓawa, waɗanda ba sa daɗi sai da zafinsu: fikafikan kaza, soyayyen dankali, dunƙulen nama, samosa. Su ne ke tsayar da uwargida a gaban kaskon mai tun shigowar baƙon farko har na ƙarshe ya yi sallama, ta fito jiki duk ƙaurin suya, ko gaisawa ba a yi da ita a nitse ba. Saboda wannan matsalar kaɗai na sayi tukunyar suya da iska, wadda aka fi sani da eya fraya, kuma da ita na yi hidimar bukukuwan da suka wuce.

Aikinta a zahiri gashi ne. A samanta akwai murɗaɗɗen ƙarfe mai ɗaukar zafi, sai fanka mai ƙarfi da ke hura zafin ƙasa, ya zagaye abincin da ke cikin kwando mai ɓula-ɓula. Kamfanin Philips ya fito da irinta a 2010, a baje kolin kayan lantarki na birnin Balin da ke Jamus, bisa ƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij. Yanzu kamfanoni barkatai ne ke yin ta. Yawancinsu zafinsu na kaiwa digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, kuma da yake cikinta ɗan ƙarami ne, cikin minti 3 zuwa 5 ta ɗau zafi, ba kamar babban obin ba. Iskar ce ke busar da bayan abinci da sauri, shi ya sa yake yin ja ya yi ƙamshi. Wannan jan da ƙamshin suna fitowa ne idan sinadaran furotin da na sukari da ke cikin abinci suka haɗu a zafin da ya kai wajen digiri 140, abin da wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana tun 1912. Na kawo wannan ne don shi ne sirrin amfani da ita baki ɗaya: muddin bayan abinci na jiƙe, zafinsa ba zai wuce na tafasar ruwa ba, wato digiri 100, kuma ba zai taɓa yin ja ba. Turara za ki samu, ba gashi ba.

A kan fikafikan kaza ta fi burge ni, kuma a nan ba ni da wani ƙorafi ko kaɗan. Tun daren jajibiri nake wanke su, in tsane su sosai da tsumma mai tsabta, in barbaɗa gishiri da barkono da garin tafarnuwa, sannan in ƙara ƙaramin cokali ɗaya na bakin hoda, wato hodar nan da ke sa kek ya tashi, ga kowane rabin kilo. Sai in jera su a faranti in sa a firij ba tare da na rufe ba. Kafin safe fatar ta bushe ta ɗan ɗame, har tana sheƙi. Idan suka shiga tukunyar a digiri 190, a juya su bayan minti 12, a ƙara musu wasu 10 zuwa 12, kitsen da ke ƙarƙashin fatar da kansa yake narkewa ya soya ta. Ko ɗigon mai ba na sakawa. Idan kika ɗago ɗaya kika taɓa shi da cokali, za ki ji fatar na amsawa ƙas-ƙas, cikinsa kuwa da ruwansa. Daga nan sai a raba su gida biyu: wasu a juya su cikin zuma da lemon tsami da citta, wasu a bar su haka ga masu son yaji. Zumar kada ta shiga tun farko, ƙonewa take yi tun naman bai nuna ba.

Dunƙulen nama ma ya yi kyau. Niƙaƙƙen nama, albasa da aka goga aka matse ruwanta, ƙwai, garin busasshen burodi, ganyen faski, a dunƙula ƙanana yadda baƙo zai ɗauka da tsinke ya kai baki sau ɗaya. Minti 10 zuwa 12 a digiri 185 sun isa. Ina ajiye su kusa da kwanon yogot da aka dama da tafarnuwa da na'ana'a da ɗan gishiri, kuma wannan farantin ne ke fara ƙarewa.

Dankali yana son haƙuri. Idan kika yanka shi kika zuba kai tsaye, zai fito a bushe, gefe ya ƙone, tsakiya da sauran tauri. Sai an jiƙa shi a ruwan sanyi kamar minti 30 don sitacin bayansa ya fita, a ɗan tafasa shi minti 5, a tsane, a bari tururin ya gama fita, sannan a murje shi da babban cokali ɗaya na mai. A haka yake yin daɗi. Kuma ina cire shi da zarar ya yi launin zinariya, ba na bari ya yi duhu. A 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, idan ya gasu ko ya soyu a zafin da ya wuce digiri 120, yana fitar da wani sinadari da ake kira akirilamayid, wanda aka sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji, kuma yawansa na ƙaruwa gwargwadon yadda abincin ya yi duhu. Jiƙawar nan ta minti 30 tana rage shi. Wannan ya shafi kaskon mai kamar yadda ya shafi wannan tukunyar.

To, ga inda ta gaza, kuma ya kamata a faɗa wa mai shirin saye tun kafin ta fitar da kuɗinta.

Ba ta ɗaukar abinci da yawa. Lita nawa aka rubuta a kwali ba shi ne abin dubawa ba, domin abinci ba ya gasuwa idan aka tula shi kan juna. Faɗin ƙasan kwandon shi ne ma'auni. Tawa matsakaiciya ce, kuma idan na jera fikafikai yadda iska za ta ratsa tsakaninsu, ba ta ɗaukar fiye da goma sha biyu. Ki lissafa: gida cike da mutane, kowane zubi na cin sama da minti 20. Wadda ta ce sai baƙi sun iso za ta fara daga ɗanye, za ta kwana tana zubi. Kaskon mai ya fi ta sauri nesa ba kusa ba idan ana maganar yawa, wannan gaskiya ce.

Sannan duk abin da ake tsomawa a kwaɓin fulawa mai ruwa-ruwa ba nata ba ne. A cikin mai, kwaɓin na daskarewa nan take. A nan kuwa zuba yake yi ta ɓulolin kwando, ya manne a ƙasa, ya bar abincin tsirara. Sai dai a sauya hanya: a turbuɗa a fulawa, a tsoma a ƙwai, a sake turbuɗawa a garin burodi, a shafa mai. Samosa na yi, amma ba zan ce ta kamo ta kasko ba. Ko an shafe ta da mai, launinta na fitowa dabbare-dabbare, kusurwa ta yi ja, tsakiya ta yi fari, kuma ɓawon ya fi tauri. Baƙi sun ci sun yaba, amma bakin da ya san ta asali zai gane bambanci. Akwai kuma ƙarar fanka, wadda ba ta tsayawa har a gama, da farin hayaƙi idan abu mai kitse ya daɗe a ciki kitsen da ya taru a ƙasa ya fara ƙonewa. Juye kitsen tsakanin zubi da zubi na maganin hayaƙin.

Duk da haka ban yi nadamar sayenta ba, domin na gano inda amfaninta yake: ita mai ƙarasa aiki ce, ba mai fara shi ba. Tun da sauran kwanaki nake naɗe samosa in jera a faranti in sa a firiza, idan ta daskare in juye a leda, ta haka ba ta mannewa. Dunƙulen nama in gasa shi tun jajibiri in sa a firij. Fikafikai in gasa su da safe har su nuna, su huce, su shiga firij. Dankali in tafasa in tsane in ajiye. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai in ɗebo abin da zai ishi waɗanda suka shigo, in zuba, in murɗa agogon, in dawo in zauna. Kafin a gama gaishe-gaishe da tambayar mutanen gida, ƙararrawarta ta kaɗa. Abin da aka riga aka gasa minti 5 zuwa 7 kawai yake buƙata, kuma yana fitowa kamar yanzu aka yi shi, ba ya yin laushin nan na abincin da aka ɗumama a na'urar ɗumame. Samosa daga firiza kai tsaye take shiga, a shafa mata mai, minti 12 zuwa 15 a digiri 180.

Baƙin biki ba sa zuwa lokaci ɗaya. Waɗannan na fita waɗancan na shigowa, daga hantsi har dare. A da, ko dai in soya komai da safe masu zuwa da yamma su tarar da shi ya saki, ko in yi ta kunna wuta a ƙarƙashin mai guda har ya yi baƙi. Yanzu kowane rukuni na samun nasa da zafi, ni kuma ina cikinsu ana hira. Wannan ya fi mini komai. Mutum ya taso daga nesa don ya gan ki, ba don ya ga farantinki kaɗai ba, kuma yana da ciwo a ce shekara ta zagayo, 'yan'uwa sun taru, ke kina can bayan ƙofar kicin kina jiyo dariyarsu.

Akwai wata fa'ida da ban yi tunaninta ba sai daga baya, ita ce ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki, a riƙe shi ko dai ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, domin tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Teburin biki da aka shirya tun safe aka bari har dare ya saɓa wa wannan gaba ɗaya, kuma a cikin baƙi akwai yara da tsofaffi da masu juna biyu. Fitar da abinci kaɗan-kaɗan daga firij zuwa tukunya zuwa faranti na rufe wannan ƙofar. Amma fa a kula, iskar nan na sa bayan nama ya yi ja da wuri tun cikinsa bai gama nuna ba, musamman cinyar kaza mai ƙashi. Ido kaɗai ba ya isa. Ina ba da shawarar a haɗa da ma'aunin zafin abinci, mai tsinin da ake sokawa cikin nama. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙayyade digiri 74 ga kaza da duk abin da aka sake ɗumamawa, digiri 71 ga niƙaƙƙen naman sa ko na rago. A soka a wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi.

Waɗanda ba sa cin nama ma tana fitar da su. Tattasai da albasa da farin kabeji da aka yanka manya-manya, aka murje da mai da gishiri, suna fitowa da ɗan ƙuna a gefe mai daɗi cikin minti 12. Yankakken burodi da aka shafa wa man shanu da tafarnuwa minti 4 ya ishe shi. Na kayan zaƙi kuwa, tuffa da aka yanka aka barbaɗa mata kirfa da sukari na cika gida da ƙamshi, ƙananan kek a kofuna ma suna yi idan aka rage zafi zuwa digiri 160, in ba haka ba samansu ya ƙone cikinsu na ɗanye. A tambayi baƙo tun da wuri ko akwai abin da jikinsa ba ya karɓa, kamar gyaɗa ko ƙwai ko kifi, tunda kwando ɗaya ne komai ke bi ta cikinsa.

Wajen wuta tana ja sosai, yawancinsu tsakanin wat 1,400 zuwa 2,000. A soket ɗin bango ya kamata a jona ta ita kaɗai, kada a haɗa ta da butar lantarki a kan doguwar waya ɗaya. A bar mata sarari ta baya, don iska mai zafi ke fita ta nan. Wanki ba shi da wuya idan aka jiƙa kwandon a ruwan ɗumi da sabulu da zarar ya huce, amma soson ƙarfe da cokalin ƙarfe na kankare shafen da ke hana abinci mannewa, kuma idan ya fara ɓarewa ba ya gyaruwa. Haka takardar gashi: kada a saka ta ita kaɗai lokacin da tukunyar ke ɗaukar zafi, fanka na ɗaga ta sama ta taɓa ƙarfen nan ta kama da wuta. Sai an ɗora abinci a kai ya danne ta.

Wadda baƙinta ke zuwa su hamsin a zama ɗaya, babban obin ko kasko ya fi mata. Wadda gidanta ke karɓar mutane rukuni-rukuni kuma tana da firiza, ita ce za ta more ta. Idan zan sake saye, mai kwando biyu zan nema, ko mai kwando ɗaya murabba'i mai faɗin ƙasa, domin zagayayyen kwando na ɓata wuri, kuma zan je da ma'aunin awo in auna ƙasan kwandon da hannuna kafin in duba abin da aka rubuta a kwali.